Layi Uku a Ƙarƙashin Tozo

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a kan tabarma. Wagga ba tatsuniya ba ce, don da rana tsaka ta faru, kuma duk waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, in ban da bijimin. Ni ce Kulu mai firinta ta Bodinga. Ban san baƙi ba, ko na boko ko na ajami. Jikata Rabi ke rubuta abin da nake faɗi, tana miƙe mini harshe ya koma irin na takarda inda ta iya, inda ta kasa ta bar shi yadda ya fito. Na sa ta rubuta ne saboda maganar da na ji ɗayanku, ku yaran da ke riƙe da shagona yanzu, ya yi shekaranjiya a bakin shago. Cewa ya yi, "Aikin mi? Dannawa ɗai na, takarda ta hito." Kunka yi dariya. To, shekara goma sha ɗaya ina dannawar. Bari in gaya muku abin da ke ƙarƙashin yatsa.

Kafin firinta, mazari na sani. Tun ina 'yar ƙanƙanuwa uwata ta zaunar da ni gaban auduga, ta shafa mini alli a yatsu. Zare iri-iri ne. Akwai abawa, mai kauri, wanda hannu ke saki da sauri, kafin azahar kin cika mazari. Akwai arafiya, siriri kamar gashin jariri, wanda za ki wuni a kansa ki tashi da abin da bai cika tafin hannu ba. Uwata ba ta taɓa ce mini ɗaya ya fi ɗaya ba. Cewa take, ki fara tambayar masaƙi abin da zai saƙa. Daga baya auduga ta janye daga gonakinmu, masaƙa sunka mutu ɗaya bayan ɗaya, mazarina ya shige ƙasan adaka.

Bayan rasuwar mijina Malam, ɗana Bello ya fasa bangon zaurenmu ta wajen hanya ya buɗe shago. Kwamfuta ɗaya, firinta ɗaya, ɗan janareta, da benci. Shekara biyu yana yi, sai ya samu aiki a Sakkwato, ya ce zai sayar da kayan. Na ce a'a, ka koya mini. Ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Inna, ke da ba ki san alif ba?"

Na ce, "Kai da kas sani, karantawa kake in za ka danna? Ina kallonka daga soro. Hannunka ka tahiya shi kaɗai, idonka na kan masu wucewa."

Ya yarda zai koya mini, don gaskiya ce.

Wata biyu yana koya mini, kuma rabin wata biyun a kan akwati guda munka ƙare. Kafin takarda ta fito, wani ɗan akwati na buɗewa a gilashin kwamfuta, da layi uku a ciki: na sama, na tsakiya, na ƙasa. Bello ya faɗi sunayensu da Turanci, ba su zauna mini ba. Sai ya ɗauki hoton fuskarsa ya buga sau uku. Na farko ya faɗo kafin in gyara zama, fari-fari, da ratsi a kwance kamar kuyoyin gona. Na biyu ya ɗan jima, ya fito mutum sosai, kowa zai gane shi. Na uku kuwa, firinta ta dinga kai da komo a hankali, tana tura takardar kaɗan-kaɗan kamar ba ta son rabuwa da ita. Da ya fito, har ɗan tabon da kaza ta yi masa a gefen ido yana jariri sai da na gani. Na jera su a kan benci. Na ce, "Wanga abawa na. Wanga arafiya. Na tsaka kuwa zaren yau da kullum." Ya ce, "Inna, kin gama makaranta." Ban gama ba. Shi ma bai sani ba ne.

Aikin farko da na yi ni kaɗai na Malam Isa tela ne. Ya kawo takardar awo, wadda yake rubuta wuya da hannu da tsawon riga a kai, ya ce a buga masa tari mai yawa. Ni kuwa sabuwar gwana, ina son Bodinga ta san Kulu ta iya. Na kai yatsa layin ƙasa. Tun hantsi firinta ke jan ƙafa har la'asar. Takardar marar kauri ce, ta sha tawada ta jiƙe, ta nannaɗe kamar ganyen da aka tsamo daga ruwa, wannan ta manne da waccan. Malam Isa ya ɗaga guda da yatsu biyu, baƙin ya kama masa babban yatsa. Ya ce, "Inna, awon wuya za ni rubutawa, ba hoton amarya nic ce ba." Ran Juma'a Bello ya zo, ya ciro kwalbar tawada ya girgiza ta a kunne, babu ko motsi. Ya ce, "Inna, kin saƙa buhun albasa da arafiya." Daga ranar na san cewa mafi kyau ba kullum ne daidai ba. Ku riƙe wanga, don kada in na kai ƙarshe ku ce tsohuwa na son a yi komai da jan ƙafa.

Kayan aikina ba su da yawa. Sirinji na ɗura tawada, tsumma mai laushi, ruwan ɗumi a murfin kwalba don ran da bakin firinta ya toshe, da buhun leda da nake ɗaure takarda a ciki da damina, don takarda mai sanyi ba ta shan tawada daidai, kuma biyu-biyu take shiga. Amma babban kayan aikina kunne ne. Ina tsakar gida ina tankaɗe, in wani ya danna a shago, na san layin da ya danna. Abawa tana sharar-sharar kamar mai share ƙofar da ba tasa ba. Arafiya kuwa numfashi take, ta je, ta tsaya, ta dawo. In launi guda ya kusa ƙarewa, fuskokin mutane ke fara gaya mini: in ja ya yi ƙasa, kowa ya fito kore-kore kamar mai jinya.

Wata tsohuwa ta taɓa zuwa daga Sifawa da ɗan katin mijinta da ya rasu, hoton bai wuce faɗin farce biyu ba. Ta ce jikokinta ba su san fuskarsa ba, a girmama mata shi. Na sa takarda mai sheƙi, na kai yatsa layin ƙasa, munka zauna muna hirar tsadar gero har ya fito. Ta karɓa da hannu biyu. Ba idonsa ta duba ba, ba gemunsa ba. Yatsa ta ɗora a kuncinsa ta ce, "Ga tsagen gidansu nan." Da abawa na buga, da ta tafi da hoton wani dattijo ne kawai mai hula. Tun daga ranar na kafa wa kaina tambaya, kowa ya miƙo aiki sai na yi masa ita: wa zai duba takardar, kuma mi zai nema a cikinta? Mai takardar da za a karanta sau ɗaya a jefar, abawa. Wasiƙar ofis, tsakiya. Hoto, hatimi, dangwalen yatsa, duk abin da ƙaramin layi ke riƙe da shi, arafiya, ko da mai shi na tsalle a kaina. Samari sunka sa mini suna Inna Wa-zai-duba. Ban damu ba.

Sai mugunyar shekara ta zo. Ba sai na faɗi wacce ba, iyayenku sun san ta. Fetur ya hau inda talaka ba ya kaiwa. Tawada ta bi shi. Wuta kuwa sai ta yi sati ba ta leƙo ba. Albasa ta ruɓe wa mutane a ajiya, kowa ya shigo shago da magana guda: "Inna, mai arha, mai sauri." Na tambayi na farko wa zai duba, ya ce, "Ke dai buga." Na tambayi na goma, ya ce haka. Sai na daina tambaya. Yatsana ya koyi hanyar layin sama, yana zuwa shi kaɗai kamar jakin da ya san rijiya. Wata huɗu cur ban ji numfashin arafiya a shagona ba. Babu wanda ya kawo ƙara. To, a nan ne mai sana'a ke lalacewa, ran da ya rage aiki kuma ba wanda ya ce masa komai.

Ran da abin ya faru, ranar ƙarshe ce ta buga takardar shiga jarrabawa. Ɗalibai sun yi layi tun daga bencina har bakin hanya, maza gefe, mata gefe, kowa na kallon bayan na gabansa kamar zai cinye shi. Babu wuta. Da safe na tsoma tsinke a tankin janareta, abin da ya jiƙe bai wuce faɗin yatsu biyu ba, kuma gidan mai a rufe. Ina ta buga musu abawa, kuma daidai ne, lamba da suna ake nema a takardarsu.

Bayan azahar kaɗan babur ɗin kabu-kabu ya tsaya. Wani magidanci ya sauko, gemunsa ya fara furfura, rigarsa ta manne da bayansa don gumi. Bai bi layi ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Salamu alaikum. Inna, ina wuni? Ki yi mini don Allah da Annabi."

"Lahiya lau. Daga ina?"

"Ummaru ni ke, daga wajen Lambara. Yanzu daga karar Shagari nit taso."

Ɗalibai sunka fara gunaguni. Wani dogo ya ce, "Baba, layi ga shi nan baya." Ummaru bai ko waiwaya ba. Ya zayyana mini a tsaitsaye. Shanun huɗa biyu gare shi, bokolo farare, da su yake noma gero da albasa. Sati uku da sunka wuce anka kwance guda daga turke. Yau ya shiga kara, wato kasuwar shanu, sai ga bijiminsa a hannun wani dillali. Dillalin ya ce daga nesa ya saye shi, kuma mai yiwuwa gaskiyarsa, don dabbar sata hannu da yawa take bi. Anka kai magana gaban sarkin kara. Ummaru ya ce a duba ƙarƙashin tozo ta hagu, akwai layi uku sirara na lalas da ya yi wa bijimin da zafaffen ƙarfe yana maraƙi, sa'ad da kafaɗar ta kumbura. Anka duba, ga su. Dillali ya ce, "Ai kowa yaz zagaya bijimi sau ɗaya za ya iya hwaɗin haka." Sarkin kara ya ce gaskiya ne. Ya ce Ummaru ya kawo abin da zai nuna bijimi mai wagga alama ya taɓa tsayawa a gidansa. Ya ba shi zuwa la'asar sakaliya, don lokacin tirela za ta ɗauki shanu ta yi kudu, kuma ba zai riƙe dukiyar mutum a kan magana kawai ba.

"Akwai hoto," in ji Ummaru. "Ɗiyata Hadiza da ke aure nan Bodinga tad ɗauke mu da Sallah, ni da shi."

Ya ciro wayar ɗiyar, wadda ya biya gidanta ya karɓo, daga aljihu. Gilashinta ya farfashe, baƙi ƙirin, tana kunnuwa amma ba ta nuna komai. Rabi ta tsayar da ni a nan tana tambaya mi ya hana in tura hoton wata waya. Ban iya ba. Bello bai koya mini wannan ba, wayar Ummaru kuma 'yar tocila ce, ɗaliban da sunka iya kuwa ba wanda ya matso ya taimaka, kowa layinsa yake tsaro. Rubuta haka, kada ki gyara.

Na soka igiyar caji, kwamfuta ta ga wayar. Munka bi hotuna ɗaya-ɗaya, na jarirai, na lalle, na tukunya, sai ga shi. Ummaru cikin farar riga, hannunsa a kan tozo, bayan su dangar gidansa da bishiyar dogon yaro. Na matso da hoton kusa. Ga layi uku nan, farare a kan farar fata, sirara kamar an ja su da allura.

"Su na!" in ji Ummaru. "Inna, su na! Buga, buga!"

Akwatin ya buɗe. Layi uku na gilashi, layi uku na tozo. Na san abin da ake nema a takardar, ba sai na tambaya ba. Fari a kan fari, ai ko tsakiya ba ta isa ba. Daidai nan janareta ya yi tari, ya ja numfashi, ya dawo. Layin ɗalibai ya ɗauki ihu. Wata yarinya ta ce, "Kaka, in man ya ƙare mun shiga uku, shekara guda za mu rasa!" Dogon nan ya ce, "A kan saniya za a kashe muna karatu?" Mai kabu-kabu na danna oda a waje. Ummaru na cewa, "Inna, rana na tahiya, hanya da nisa." Ni kuma ina lissafi a raina: hoto cike da shafi a arafiya zai ɗauki abin da ɗalibai goma za su ɗauka, in kuma injin ya mutu a tsaka, rabin bijimi za mu samu.

Ina cikin lissafin, yatsana ya riga ni. Ya tafi rijiyar da ya saba.

Sharar-sharar, takarda ta faɗo. Na ɗauka na duba. Ga Ummaru, kowa zai gane shi. Ga danga, ga dogon yaro, ga farin bijimi. Ƙarƙashin tozo kuwa babu komai sai ratsin abawa a kwance, daga wannan gefe zuwa wancan. Idon da ya wuni a kan arafiya shekara talatin ba ya ɓata a irin wannan. Na gani sarai. Ummaru kuwa bai duba wurin ba, don shi a cikin kansa layukan suna nan, ya gan su yanzu-yanzu a gilashi. Ya fizge takardar, ya sa ta cikin riga, yana ta sa mini albarka har ya hau babur. Tsakanin ƙofata da babur ɗin taku goma ne. Kalma guda ta isa: tsaya. Ban faɗe ta ba. Na ce wa yarinyar, "Miƙo taki."

Ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Janareta bai mutu ba. Na sallami ɗaliban nan kaf, har da dogon, benci ya zama wayam, injin na nan yana ruri abinsa. Datti ne ya shiga masa, ya yi tari sau ɗaya ya wuce. Wayar Hadiza kuma tana nan a soke, Ummaru ya manta ta don sauri. Na ciro takarda mai sheƙi daga leda, na kama yatsana da gangan na kai shi layin ƙasa. Firinta ta yi numfashin da ta yi wata huɗu ba ta yi ba. Ya fito. Har ƙudan da ke kan kunnen bijimin. Layi uku kuwa kamar ka sa farce ka ji su.

Na yafa mayafi, na kulle shago, na tsaya bakin hanya da hoton cikin leda. Motar farko cike. Ta biyu ta tsaya, amma sai da ta tsaya ko'ina, a sauke buhu, a ɗauki akuya, a yi gardamar canji. Ban taɓa shiga kara ba a rayuwata, mace ce ni kuma tsohuwa, amma ran nan na shiga. Rana ta yi ja. Babu komai sai turaku da kashin shanu da sawun manyan tayu a ƙasa, sun juya sun yi kudu. Wani mai sayar da igiya yana naɗe kayansa. Na tambaye shi.

"Mai farin bokolo? Ai ya kawo takarda, Inna. Sarki yaj juya ta, yak kai ta rana, yas sa tabarau, yab ba dattawa sunka duba. Yac ce, 'Ummaru, na ga kai, na ga farin sa. Farin sa kuwa ga su nan ɗari cikin kara. Ina alamar?' Mutumin yai ta nuna wuri da yatsa yana cewa ga ta nan, ga ta nan, ba kowa ag ganin komi. Har yaro anka kira mai sabon ido. Wallahi sarki ya yi mai ƙoƙari, sai da yaƙ ƙara mai lokaci. To, direba ba ya jiran kowa."

Na ce, "Ina shi Ummarun?"

"Ya tahi gida. A ƙasa."

Na koma Bodinga da ledata.

Kwana takwas bayan nan ya zo karɓar wayar ɗiyarsa. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya gaishe ni da ladabi kamar ran farko, har da tambayar jikoki. Bai san komai ba. Cewa ya yi, "Inna, ashe hoto bai riƙe ƙananan abubuwa. Ni nis sa rai banza." Da na bar shi a haka, da har gobe yana gaishe ni da albarka. Na buɗe leda na miƙa masa na biyun.

Ya daɗe yana kallo. Ya ɗora yatsa ƙarƙashin tozo, ya bi layin farko, ya bi na biyu, ya bi na uku.

"Wanga daga ina?"

"Daga injin guda. Rana guda."

"To mi ar raba su da wancan?"

Na nuna masa gilashin. Na ce, "Nan nid danna. Nan ya kamata in danna." Tsakanin wuraren biyu bai kai faɗin yatsu biyu ba.

"Shi wanga, lokaci nawa yaɗ ɗauka?"

"Kamar ka yi alwala ka yi raka'a biyu."

Ya gyaɗa kai a hankali. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi. Ya ce, "Ran nan, a ƙohwar gidan Hadiza, gaisuwar da niy yi da surukina ta hi haka tsawo." Ya sa wayar a aljihu ya miƙe. Na ce ya tafi da hoton. Ya dube shi sau ɗaya ya ajiye mini a benci.

"Riƙe abinki, Inna. Hoto bai jan garma."

Daminar nan, an gaya mini, ya nemi wanda zai haɗa sa da shi bai samu a kan kari ba, don kowa na son huɗarsa da ruwan farko. Sa guda kuwa ba ya ɗaukar karkiya. Ya sayar da na biyun, ya koma fartanya, shi da gemunsa mai furfura, rabin gonar ya bar wa ciyawa. Yana nan da ransa. Wani lokaci nakan hango shi a mota in za shi Sakkwato. Yakan ɗaga mini hannu.

Yanzu idona ya yi rauni, kun karɓi shagon, kun kawo sabuwar firinta mai tankuna a gefe. Allah ya sa albarka. Amma ina jinku daga tsakar gida. Tun safe har magariba sharar-sharar, sharar-sharar, ko sau ɗaya ban ji numfashi ba. Jiya wata mata ta kawo takardar gonar mijinta mai dangwalen yatsa, ina jin muryarta, kunka sallame ta kafin ta gama zama. Na aika Rabi ta bi ta har tasha ta dawo da ita, kunka ce tsohuwa ta fara rikicewa. Kunka ce kuma a cire tsohon hoton bijimin nan daga bango, wai ya ɓata muku fenti, wai ba ku san ko na wane ne ba.

To, yanzu kun sani. Iyakar labarin ke nan, kuma ba ƙarya na gilla muku ba, balle in nemi tsari. Hoton yana nan inda na kafa shi, daidai saman gilashin, inda duk mai kai yatsa akwatin nan sai ya haɗa ido da shi. Ni ba na ganin layukan kuma, ko na matsa kusa. Ku da ke da sabon ido, ku tashi ku duba ƙarƙashin tozo ta hagu, ku ƙirga mini su da ƙarfi in ji. Sannan ku danna.